Dami Ɗaya a Rumbu

Shekarar da Baba ya rasu, yayansa, Baffa, ya zo daga Safo da amalanke bayan azahar. Ya ce zai tafi da ƙannena biyu, don mace ita kaɗai ba za ta iya ci da yara huɗu har kaka ba.

Inna ba ta yi musu ba. Ta ce, "Yaya, bari a ɗebo hatsi a dama maka fura tukuna."

Ta ɗaga ni ta zura cikin rumbu, don ni ce mai shiga kullum. Ciki da zafi, sai warin ƙaiƙayi da kashin ɓera. Dami ɗaya tak na tarar, kwance a kan daɓe.

Baffa ya ɗaga murya daga waje: "Ke, saura nawa a ciki?"

Na dubi damin. Sai na ji Inna, muryarta ko rawa babu: "Miƙo na saman nan, ki bar na ƙasa."

Na miƙo shi. Baffa ya jira, ya sha furarsa, ya koma Safo shi kaɗai.

Bana muka binne Inna. Har ta rasu ba ta tambaye ni abin da na gani a rumbun ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.