Inuwar da Ta Fi Ƙarfin Ƙafa

Jikata ta zo daga makarantar Birnin Kudu da wani zanen lissafi, kotanjan take ce masa. Layi ne yake ta hawa kusa da wani layin, ba ya taɓa shi har abada. Wai haka inuwa take miƙewa idan rana tana sauka. Ban san biro ba, amma wannan na san shi.

Shekarar samun mulkin kai, Baba ne ladanin unguwarmu a Kwandiko, idonsa kuwa ya fara rauni. Babu agogo, da inuwa ake gane la'asar. Ran nan ya ce in zama idonsa. Na bi inuwarsa ina taku, diddige bin yatsa.

"Goma sha biyu, Baba!"

Har ya kai hannu kunne, sai ya dakata. "Ta wa kika auna?"

"Taka."

"Da wannan 'yar ƙafar? So kike in kira salla lokaci bai yi ba, liman ya sauke ni? Kowa da ƙafarsa yake auna tasa, uwata. Taku bakwai ake nema, a ƙara da ragowar inuwar azahar."

Na auna tawa, muka jira ta cika, sannan ya yi kira.

Daɗi ya ɗebe ni, dab da magariba na ce sai na sake. Inuwata ta haura danga, ta ratsa gonar dawa, na rasa ƙarshenta. Na dawo da hawaye, ina tsoron ya sallame ni.

"Wannan ba a auna ta," in ji shi. "In ta fi ƙarfin ƙafa, alwala ake yi. Gobe ma ke ce idona."

Har yau idan na tuna, sai raina ya yi fari.