Hawayen Tomezo

Karo na biyu ke nan shinkafar Tomezo ta ƙi yin funfuna.

A wani gidan wannan abin murna ne, amma ban da gidan surukarsa, tsohuwa Tsuru mai sana'ar miso, wani kayan ɗanɗanon miya mai kama da daddawa. Sai an turara shinkafa, an barbaɗa mata irin farar funfuna, an kulle ta kwana biyu a ɗaki mai ɗumi ta yi fari fat, kafin a cuɗa ta da waken suya da gishiri. In babu funfuna, babu miso.

Tsuru ta ce saura gwaji ɗaya. In ya sake faɗuwa, mabuɗin ɗakin zai koma hannun ɗan ƙanenta, shi kuma Tomezo ya koma dakon buhunan gishiri da shekara hamsin a wuya.

Tomezo ya rantse akwai mai yi masa zagon ƙasa, don haka ya tsananta gadi. Rana na take tsaka sai ya shige ɗakin da kwanon abincinsa, ya ja ƙofa, ya toshe kowace kafa da tsumma, kamar yadda ya saba. Abincin kuwa farar shinkafa ce da dafaffen kifi, lami, don tun da likita ya duba cikinsa matarsa Fumie ta raba shi da duk wani abu mai yaji.

Can Fumie ta ƙwanƙwasa. Ta ji 'yar ƙaraf-ƙaraf a ciki, sannan ya buɗe, ido jajir, hawaye shaɓe-shaɓe, hanci na yoyo.

Ta ce, "Haba maigida, a kan shinkafa kake wannan kukan? Ranar aurenmu ko ɗigo ba ka yi ba."

Ya ja majina ya ce, "Ai ranar ban san abin da na shiga ba tukuna."

Kafin yamma gari ya ɗauka cewa son sana'a ya sa Tomezo kuka. Har tsohuwar ta ɗan sassauta harara.

Ita ma Fumie tana da nata ciwon kan. Birai sun sako ta gaba a rafin bayan gida, inda take noman wasabi, wata saiwa mai yaji da ke hawa hanci: saiwa uku sun ɓace cikin kwana goma. Birin ma mai ladabi ne, sai ya cire saiwar ya mayar da ganyen ya kafe a wurin. Ga sabuwar shekara ta matso, tana son wanda za ta goga ta ajiye a akwatin curin shinkafa, kada ya lalace.

Tsuru ta ce kada ta sake ta rufe akwati babu shi. Saiwar nan a laima take zaune, ciwo ya kewaye ta, shi ya sa ta tanadi makaminta, kuma ba ta zarowa sai an ji mata rauni. Da ka goga ta tiririn zai tashi, ya huda jikin funfuna ya kashe ta tun ba ta yi ƙafa ba. Tomezo bai ji wannan karatu ba, yana can yana gadi.

Kwana biyu suka cika. Aka buɗe ɗaki, ga shinkafa tas kamar yanzu aka sauke ta. Tomezo ya miƙa mabuɗi.

Tsuru ba ta karɓa ba. Ta sunkuya ta shinshina faifan shinkafar, atishawa ta ƙwace mata har sau uku. Ta ɗaga gefen mayafin da aka lulluɓe shinkafar da shi, sai ta fashe da dariya har da riƙe ƙugu.

Ta ce, "Riƙe mabuɗinka, ɗana, hannunka lafiya lau. Fumie, zo ga birinki."

A ƙarƙashin mayafin, tsakiyar shinkafar, inda yake cusa shi duk sanda aka taɓa ƙofa, ga ɗan ƙoƙon Tomezo cike da gogaggen wasabi.