Kunyar Suruki a Wasan Ƙarshe

A cikin jirgin ruwan tsibirin Staten Island, a Amurka, Rashidu ya buɗe waya ya zare manyan 'yan wasansa ɗaya bayan ɗaya, ya cika fili da 'yan benci.

Duk kakar nan ba a ci ƙungiyarsa ba a gasar ƙwallon Amurka ta intanet, wadda kai kake tsara 'yan wasa, kwamfuta ta buga. Sai ga wasan ƙarshe ya haɗa shi da Alhaji Nasser, mahaifin matarsa Firdaoussi. Mutumin da ko abinci ba ya iya ci a gabansa, shi zai lallasa? Gara kofin ya tafi.

Sakamako ya fito. Rashidu ya yi nasara, uku da nema.

Ya garzaya shagon Alhaji a unguwar Harlem, ya durƙusa. "Baba, a yi haƙuri. Wallahi 'yan benci na zuba."

"Ni ma su na zuba," in ji Alhaji. "Ɗiyata ta kira ni, ta ce in aka ci ka, gidan ba ya zaunuwa." Ya girgiza kai. "Ashe kai ko faɗuwa ba ka iya ba."