Gurnanin A-kori-kura

Salansa ta biyu ke nan da mai gareji ya kwance daga ƙarƙashin a-kori-kurar. Ya wurga ta gefe, ya share gumi da gefen riga, ya ja tsaki.

Matarsa na zaune a ƙofar ɗakin ajiya, riƙe da kwanon abincin da ta kawo masa, har ya huce. Ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barci. Tun zuwanta take kallon direban motar, kuma ta gama yanke masa hukunci. Ta sha ganin irinsa. Fenti ya koɗe, fitila ɗaya da waya aka ɗaure ta, taya ta suɗe kamar tafin hannu, amma damuwarsa ɗaya ce: a jiyo shi daga nesa. Holoƙo, hadarin kaka. Salansar da ya zo da ita ma lafiyarta lau.

"Wannan ta cika tsiwa," in ji direban. "Ba ihu nake nema ba, maigida. Gurnani nake so, wanda ke bin ƙasa."

"To ka sayi zaki ka ɗaure a baya mana."

"Ka yi haƙuri. Gobe zan fara dogon zango, ba ni da lokacin dawowa tsayayye. In ba a samu yau ba, na haƙura da aikin."

Mai gareji ya waiwayi matarsa. "Kin ji ko? Mutum zai zubar da abincinsa saboda tusar mota."

Ta rufe baki da mayafi. Sai dai ba wautarsa ce ta fi ƙona mata rai ba. Matar da direban ya zo da ita ce.

'Yar siririya ce, da tsohon ciki, wuyan hannunta naɗe da bandeji. Tun isowarsu bai ce mata uffan ba. Sai dai ya taɓa kafaɗarta, ya nuna da yatsa, ta bi, kamar mai kora akuya. Duk salansar da aka ɗaura, sai ya kai ta ɗakin ajiya, ya sa ta cire takalmi, ta tsaya a kan siminti fuskarta a bango. Ya ja ƙofar ƙarfe ya rufe, ya koma ya taka totur, yana yamutsa fuska kamar ba shi ya nemi ƙarar ba. Sannan ya zo ya buɗe, ya same ta yadda ya bar ta, ya girgiza kai.

Ko hayaƙi yake kare ta da shi, ko kishi ne kada maza su gan ta, oho. Matar mai gareji dai ta dubi bandejin, ta dubi manyan hannayensa, ta haɗa amsa.

Da mazan suka shiga cikin tarkace neman wata, ta lallaɓa ta shiga ɗakin. Ta tsaya bayan matar, ta yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, shi ya ji miki ciwon nan? Faɗa min, ba mai ji."

Ko waiwaye. Ta maimaita. Shiru.

"Allah wadaran naka ya lalace," ta faɗa a ranta. Har shirun ma ya koya mata.

A waje mai gareji ya jawo wata salansa mai faɗin ciki, baƙa, mai kaurin baki, wadda ta daɗe a jingine ba mai so.

"Wannan ce ta ƙarshe," ya ce. "In ba ta yi ba, ka ja akwalarka ka nemi wani wawan. Ni yunwa nake ji."

Ya kwanta ƙarƙashin motar. Wutar walda ta yi ta tartsatsi, noti ya shiga, ya fito yana karkaɗe wando. Direban ya zo ya ja ƙofar ɗakin, bai ma lura da cewa mata biyu ya rufe ba. Matar mai gareji ta ƙi fita da gangan. Ta ƙudurta in ya kuskura ya ɗaga wa baiwar Allahn nan hannu, yau duk kunyarta sai ta tara masa jama'a.

Ya murza makulli.

Wannan karon ba ihu. Wani amo ne mai nauyi ya taso, ya bi ƙasa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ƙofar ta hau rawa. Cokali ya kama kaɗawa a cikin kwano, ƙura ta zubo daga kanta.

Yatsun ƙafar matar direban suka danƙe simintin. Ta ɗora tafin hannu a bango, ta ɗora ɗayan a ƙirji. Sai ta juya da sauri, ta wuce matar mai gareji, ta tura ƙofar da kanta. Ta fita ba takalmi, tana wata irin dariya mai kauri, tana ta gyaɗa wa mijin kai.

Direban ya sauko ya bar injin a kunne. Ya yi mata wani motsi da yatsu, ta mayar masa. Ya goge ido da bayan hannu.

"To, zaki ya samu?" in ji mai gareji.

"Ya samu, maigida, Allah ya saka. Rannan na dawo tana kan kujera tana sauko da tukunya. Ba ta san na shigo ba, sai ganina ta yi a bayanta, ta firgita ta faɗo, saura kaɗan mu rasa cikin." Ya kama hannun mai bandeji a hankali. "Kurma ce tun haihuwa. Yau ne karo na farko da ta ji isowata."