Kwamfutar Malam Tanimu da Garin Ƙarƙashin Ruwa

Malama Rakiya, na ji an ce tun da aka ba ki shugabancin makarantar nan kin tsara sababbin abubuwa goma sha ɗaya da za ki ɗora wa malamai a zango guda. Kafin ki sa hannu, bari in ba ki wani misali.

An yi wani mutum, Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin safiyo, mai auna filaye da zana taswira. Garin da aka haife shi babu shi yanzu. Yana ɗan shekara huɗu aka gina madatsa, aka kwashe mutane, ruwa ya shanye garin har kan hasumiyar masallaci. Mutum ɗaya ya rage da ya san garin lungu-lungu, ita ce ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Yalwa, wadda ta haura tasa'in, idanunta sun tafi. Yini take yi shiru a kan tabarma. Amma da sassafe, daga lokacin da ta sha koko zuwa rana ta taɓa bakin rumbu, sai garin ya taso mata. Takan ɗaga hannu tana nuni cikin iska: ga rijiya mai ɗanɗanon kanwa, ga tsamiyar da ake ɗaure raƙuman fatake, ga lungun marina inda ƙasa ta rine ta zama shuɗiya. Wani lokaci ta yi dariya ta ce, "Yanzu tarwaɗa ce ke kwana a ɗakin uwata."

Malam Tanimu ya ƙudura zai ɗauki muryarta, ya kuma zana taswirar garin daga bakinta. Tsohuwar kwamfutarsa ta aiki ta daɗe da mutuwa, wayarsa kuwa ta kira ce kawai. Sai 'yarsa ta aiko masa da sabuwar kwamfutar cinya, siririya kamar faranti, tana ƙyalli. Washegari ya zauna gefen tabarma ya buɗe ta. Wani ɗan da'ira ya fara juyawa a allo. Da ya tsaya, sai tagogi suka yi ta buɗe kansu: wannan na tallan wasa, wannan na gaya masa ana ruwa a wani birni da bai taɓa jin sunansa ba, wannan na cewa sai an sabunta shi tukuna. Fankar ciki tana huci. Gwaggo kuwa ta riga ta shige ta ƙofar gabas, tana gaisawa da matattu gida-gida. Kafin na'urar ta yarda ta saurara, rana ta taɓa rumbu, tsohuwa ta sauke hannu. Haka aka yi kwana huɗu. A na biyar ta kai bakin wata rijiya ta nemi sunanta ta rasa, ta daɗe tana motsa leɓe.

Malam Tanimu ya ɗauki kwamfutar ya kai wa wani mai gyara a kasuwa, ana ce masa Nafi'u. Da ya duba sai ya ce, "Baba, jakin nan lafiyayye ne, mangala ce ta yi masa yawa. Tun daga kamfani aka labta masa manhajoji sun fi arba'in, kowacce tana tashi tare da shi. Da wace babbar manhaja kuka saba aiki?" Malam Tanimu ya faɗi sunan tsohuwar da ya yi shekaru da ita a ofis. Nafi'u ya yi murmushi, ya tona aljihun tebur ya fito da wani ɗan filas na ajiye manhaja da ya koɗe. Ya ce, "An daina yayinta, ba a kuma yi mata rigakafi. In na ɗora muku, kada ku shiga intanet da ita." Tsohon ya ce, "Ɗana, inda zan shiga ko sabis babu." Aka goge komai kaf. Tsohuwar manhaja ta yi gardama da sabon inji, da farko ma ta ƙi jin sauti, sai da Nafi'u ya yi ta lallaɓa ta har la'asar. Daga nan allo ya washe, shuɗi fayau, babu komai a kansa sai 'yan alamomi uku.

Da safe ya danna maɓalli, kafin Gwaggo ta ajiye ludayi kwamfutar tana jira. Safiya goma sha tara suka yi suna yawo a garin, ita a gaba, shi a baya yana jan layi. Sunan rijiyar nan bai dawo ba, ya bar gurbinsa fari a taswira. Da ruwan farko ya sauka, Allah ya karɓi abarsa.

Bayan an yi arba'in, Malam Tanimu ya shiga kwalekwale a tafkin madatsar da kwamfutar a cinyarsa. Ya auna daga wani dutse da har yanzu yake leƙowa, ya bi taswirar zuwa daidai inda gidansu yake, ya ce wa mai tuƙi ya tsaya nan. Ruwa ya kwanta luf, girgije na tafiya a cikinsa. Ya kunna, muryar tsohuwa ta bazu a kan tafkin tana cewa, "To, ka sunkuya, ƙofar gidanmu gajeriya ce." Mai kwalekwale ya ce da idonsa ya ga dattijon ya sunkuyar da kai.

Sabuwar na'ura ba ta yi laifi ba, Malama, ita ce ma ta ɗauki aikin. Sai dai ba ta iya ba sai da aka sauke mata abin da ba a nema ba, aka mayar mata da abin da hannu ya sani. Shi ya sa Hausawa suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.