Zaren Kaset a Gonar Gero

Ina aji huɗu wani Bature ɗan Norway mai binciken itatuwan daji ya ba ni kaset, babu rubutu a jikinsa. Wata mawaƙiyar jaz ce ta ƙasarsu, mai dusasshiyar murya. Sau uku kacal na saurara.

Ran nan da la'asar na kai wa Baba ruwa gonarmu ta Kakangi, na tarar ya zare zaren kaset ɗin kaf, ya ɗaɗɗaure a karan gero yana ta walƙiya.

"Baba, waƙata ce fa."

"Wannan mai kukan? Gara ta kore mana tsuntsaye."

Har yau ina laluben muryar nan a waya, ko sunanta ban sani ba. Geron kuwa, tsuntsayen suka cinye shi tas.