Kofunan Hagu

Kwalaben gwajin Nusaiba sun farfashe a bayan babur tun kafin su wuce Runka, don haka da ta iso Safana sai ta ari kofunan shayin Kaka. Yajin aiki ya rufe jami'a, amma bai rufe bakin malaminta Dakta Armaya'u ba. Ya ce ko ta kawo sakamakon bincikenta a ƙarshen wata, ko ta ga 'yan ajinsu na haɗa magunguna sun gama sun bar ta.

Aikin ba wuya a takarda. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari, faroksides, wanda in ya samu gishiri da faroksaid, ruwan nan na wanke ciwo, yakan haɗa wani abu mai kama da bilic na wanki, ya ƙone ƙwayoyin cuta. Matsalarsa rashin tantancewa: har maganin da mutum ya sha yakan ƙone, ya sauya masa kama. Abin da za ta nuna ke nan. Ta jiƙa maganin zazzaɓi ruwan ɗorawa a kofuna tare da faroksaid, na dama da gishiri, na hagu babu. Sai ta bar su a rumfa, ta je kemis ɗin bakin kasuwa ta ɗauko sinadarin daga firjin da aka ba ta aron gefe, ta dawo ta ɗiɗɗiga.

Ranar farko abu ya yi kyau. Na dama suka yi duhu nan take, na hagu suka tsaya suna jan ƙafa, kamar yadda littafi ya ce. Ta kira Dakta a tsakar gida, murya a sama.

"Ranka ya daɗe, na hagun nan duk babu gishiri, ko ƙwaya."

Kaka tana tsince wake a gefe. Ta dubi kofunan, ta dubi jikarta, ta girgiza kai.

Washegari kofunan hagu suka yi duhu tare da na dama. Rana ta uku ma haka. Nusaiba ta fara jin kanta a sama, har ta soma tunanin wane suna za a sa wa abin da ta gano. Dakta ya sauko da ita da jimla ɗaya: ko ba ta iya wanke kofi ba, ko tana ƙara wa labarin gishiri. Wannan magana ta yi mata zafi ƙwarai, don ita duk ajinsu an san ta da tsantseni.

Ta zargi ruwan rijiya, ta sayi tataccen ruwa a kemis. Ta zargi sabulu, ta koma ɗauraye kofi har hannunta ya yi fari. Ta zargi akuya, aka ɗaure baiwar Allah a turke ba laifin tsaye ba na zaune. Kullum tana waya tana rantsuwa cewa na hagu babu gishiri, kullum Dakta yana tsaki.  Kaka dai ta ce wannan mutum na waya ya cika faɗa, kuma romon 'yan boko bai yi mata kama da abin da zai riƙe gida ba.

Sinadarin ya ƙare kafin wata ya ƙare. Nusaiba ta zubar da na ƙarshe a bayan rumbu, ta zauna a kan turmi ta yi kukanta mai isarta. Shekarar karatu guda ta tafi a banza, kuma ba ta san ma me za ta gyara ba.

Kaka ta ja kujera kusa da ita, ta dafa ta.

"Share hawayenki, 'yar nan. Mutumin nan ba mijin aure ba ne, ba a iya masa."

"Kaka, malamina ne fa."

"Ko uban malamai ne. Da farko laifinki ne, na yarda. Amma tun ranar da na ji kina gaya masa na hagu babu gishiri, ba ki taɓa fita kemis ban bi su ɗaya bayan ɗaya na barbaɗa miki ba."